Kwalbar da Ba Ke Kika Cika Ba

Bukan Sidi, Lafia

Zuwa ga 'yata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, Ummi, gaisuwar uba ga 'yar da ta ci sunan uwarsa. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya sauke ki lafiya a ƙasar da za ki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can, Ya dawo mana da ke da ilimin da zai amfani jama'a.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naki. Dalilin kin san shi. In na fara magana da baki, kafin in kai tsakiya murya ta hau, ke ki sunkuyar da kai, mamanki ta leƙo ta ce, "Malam, a yi a hankali," a tashi ba a gama komai ba. Don haka na zaɓi takarda. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi, kuma ki karanta yau, don ranar Litinin za ki kama hanyar Abuja da akwatin kwalaben nan, maganar kuwa ba za ta jira ki dawo ba.

Bari in tuna miki abin da ke cikin akwatin. Ke aikin makaranta kike gani, ni kuwa rayukan mutane nake gani. Bohol ɗin da ke gonar ƙanena Yakubu, Babanki Ƙarami, can gefen Arikya, ni na haƙa shi. Tun da ya sa babban famfo ya fara noman rani, rijiyoyin rugar Arɗo Buba da ke bayan gonar suka fara ja baya. Bana tun kafin zafi ya kankama matansu suke jan guga ya fito da laka. Su sun ce bohol ɗin ne ke shanye musu ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Yakubu ya ce ƙarancin damina ne, shi babu ruwansa. Samarin ruga sun rantse za su cika bohol ɗin da duwatsu, ma'aikatan gona kuma sun fara zuwa aiki da adduna da ba na shara ba. Abin da ya riƙe su duka shi ne maganar mai unguwa, da ya ce a dakata, ga 'yar Musa Mai Bohol tana wani bincike da zai nuna ko ruwan biyu ɗaya ne. Kowa ya ajiye makaminsa a kan sunanki. Ban taɓa yin alfahari da tsoro a lokaci guda irin na ranar ba.

Ranar da kika fara yi mini bayanin aikin nan dariya na yi miki, ban manta ba. Kika ce ruwa ma yana da shekaru. Na ce to a yanka masa rago a raɗa masa suna. Ba ki kula ni ba, kika ci gaba. Kika ce a cikin kowane ɗigo akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda kuke kira aisotop, wasu masu nauyi, wasu marasa nauyi. Ruwan da ya daɗe a rana, kamar na tafki, yakan rasa marasa nauyin, shi ya sa na'ura ke bambance shi da ruwan sama da ya nutse kai tsaye. Kika ce akwai wata alama, tiritiyom, da ta yawaita a ruwan sama tun lokacin da manyan ƙasashe suka riƙa gwada bama-bamansu a sararin sama, in an same ta a ruwa, to na zamaninmu ne. In babu ita, sai a koma ga kabon da ya narke a ruwan, wanda ke raguwa sannu a hankali, daga yadda ya ragu a ƙiyasta ko ruwan ɗaruruwan shekaru ya yi a ƙasa ko dubbai. In ruwan Yakubu tsoho ne, na ruga kuma sabo, da wuya a ce wannan ke shan wancan. In kuwa alamarsu ɗaya ce, to Arɗo yana da magana. A nan na gane abin da na yi shekaru ina hudawa ban san shi ba.

Kin san labarin da mamanki take tsokanata da shi, tana ce mini Mai Kogi. Ina sabon shiga sana'a muka haƙa bohol a wani ƙauye a hanyar Obi. Ruwa ya ɓalle, ya jiƙa mu har wando, mata suna guɗa. Dagacin ya kama hannuna ya ce, "Yaro, wannan zai ƙare kuwa?" Ni kuma kai ya kumbura, na ce, "Ranka ya daɗe, kogi ne a ƙasa, jikokin jikokinka ba za su ga ƙarshensa ba." Ban ga kogi ba. Haka na ji manyanmu suna faɗa, kuma ta yi daɗin faɗa. Mutanen suka yarda da ni har suka cike tsofaffin rijiyoyinsu da ƙasa, wai kada yara su faɗa. Shekaru suka tafi, ruwa ya riƙa sauka, ana ƙara bututu ana sauke famfo, har aka rasa inda za a sauke shi. Yanzu da kika ce akwai ruwan da ya sauka tun kafin a kafa Lafia, wanda daminar bana ba ta mayar da shi, na fahimci abin da ya same su.

To, Ummi, kada ki faɗi abin da ya wuce inda saninki ya tsaya. Mutanenmu suna son amsa mai kai ɗaya, e ko a'a, za su kuma matsa miki har ki ba su. In na'ura ta ce rabi, ki ce rabi. In ta ce ruwan Yakubu gauraye ne, tsoho da sabo, ki faɗa haka, ki faɗi abin da ba za a iya tabbatarwa ba. Za a ce karatun naki bai yi ba, za a yi miki dariya a majalisa kwana biyu. Ki jure. Kuma in ya fito cewa ruwansa tsoho ne, bai taɓa na ruga ba, kada ki tsaya a nan don kawai labarin ya yi wa gidanmu daɗi. Ki gaya masa sauran, cewa tsohon ruwa ba ya dawowa da wuri, kuma famfon da ya sa ya fi ƙarfin wurin.

Kuskurena na biyu shi ne wanda ya sa na ɗauki biro. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya kira ni in haƙa masa a gidan gonarsa, can kudu da gari. Muka samu ruwa mai daɗi, isasshe. Na ce a tsaya. Ya ce a'a, maƙwabcinsa ya fi shi zurfi, shi ma a ƙara. Na san yankin, na san in ka zarce akwai ruwan gishiri a ƙasa. Amma mutum ne da ya goya ni a kafaɗa ina yaro, yana tsaye da carbi, jama'a na kallo. Bakina ya yi nauyi. Na ce, "To, Baba," na sa aka ci gaba. Da ruwan ya fito, ko awaki ba su sha. Gishirin ya hau ya ɓata na saman ma. Har ya rasu yana cewa Musa ne ya lalata masa wuri, ban kuma ga laifinsa ba, don ni ne mai sana'ar. Kunya tarbiyya ce, ni na koya muku ita, ba na kuma da-na-sani. Amma tana da wurinta, kuma bakin rijiya ba ya cikin wuraren.

Yanzu ga maganar. Ke kika koya mini ƙa'idar ɗiban ruwan nan, na kuma gan ki kina bin ta a ko'ina. A bar famfo ya yi ta zuba har ruwan da ya kwana a bututu ya fita. A ɗiba daga bakin bohol, ba daga tanki ba. A cika kwalba har baki, kada ko kumfar iska ta rage, a ɗaure murfi, a naɗe da salatif, a ɓoye daga rana. A ruga ma, da matar Arɗo ta kawo miki ruwan randa a ƙwarya don girmamawa, kin sha kin gode, sannan kika ce wanda za ki tafi da shi sai kin ja da hannunki daga rijiya. Na ji daɗinki a ranar.

Amma a gonar Babanki Ƙarami ba haka aka yi ba. Ya tarbe ki, ya sa aka shimfiɗa miki tabarma a inuwar mangwaro, aka kawo fura. Da kika miƙe za ki wajen famfo ya ce, "Zauna. 'Yata ba za ta durƙusa a laka a gaban ma'aikata ba." Ya karɓi kwalaben ya ba manajan gonar. Ke kuma kika ce, "To, Baba." Ina zaune a gefe na ji ta da kunnena, irin muryata sak. Manajan ya tafi bayan ginin gonar ya dawo da su a cike. Ni ma ban ce uffan ba, don haka kada ki ɗauka ina ɗora miki ke kaɗai. Kin san abin bai yi ba. Mamanki ta ce tun ranar ba ki cin abinci sosai, ta gan ki kin ciro kwalaben kina jujjuya su kina mayarwa.

Na je na tambayi manajan, don kada in yi zato. Mutumin kirki ne, bai ɓoye ba. Ya ce, "Oga, ai daga tanki na ɗiba. Famfo yana off, babu diesel ranan. Ruwa duka ɗaya ne, abi?" Na hau na leƙa tankin. Murfinsa ya daɗe da fashewa, iska na shiga, ruwan farko da aka yi ya zuba a ciki. Ya kuma gaya mini lokacin da famfo ya lalace sun taɓa sa tanka ta kawo ruwan rafi ta juye a ciki. Ke ce mai ilimin, ki faɗa mini in na yi kuskure: ruwan da ya sha iska, ya haɗu da ruwan sama na bana da na rafi, ai sabo zai nuna a na'ura, ko da na ƙasan ya fi garin nan tsufa. Ma'ana zai yi kama da na rijiyoyin ruga. Sai ki rubuto cewa ruwan ɗaya ne, samari su ɗauki duwatsu, ma'aikata su ɗauki adduna, a kan abin da mai yiwuwa ba gaskiya ba ne. In kuma sakamakon ya fito ya wanke Yakubu, ranar da ruga suka ji cewa manajansa ne ya cika a bayan idonki, babu wanda zai yarda da takardarki, kuma suna da hujja. Ta kowace fuska kwalbar nan ba ta da amfani, sai cutarwa.

Jiya bayan la'asar na je wurin Yakubu. Na yi niyyar yin magana a hankali, Allah Ya sani. Na ce masa a sake ɗiba, daga bakin bohol, da hannunki, a gaban wakilin mai unguwa da mutumin Arɗo. Ya ajiye butar hannunsa ya dube ni.

"Yaya, wato ni ɓarawo ne."

Na ce ba wanda ya ce haka, kuma sake ɗiban shi zai fi amfana.

"In ni zai amfana, me ya kawo Fulani cikin gonata? Su zo su tsaya a kaina suna gadi, 'yar da na yanka wa ragon suna tana yi mini bincike kamar ɗan sanda? Gobe duk Arikya za a ce Alhaji Yakubu ya yi cuwa-cuwa, 'yarsa ta kama shi."

Na yi masa bayanin tankin, bai saurara ba. Kin san shi, in ransa ya ɓaci kunnensa toshewa yake, halin gidanmu ne. Murya ta hau, tawa da tasa. A ƙarshe ya ce, "To ka gaya mata. In ta shigo mini gona da mutanen Arɗo, ranar ɗaurin aurenta ta nemi wani waliyyin. Ni ba zan bayar da ita ba."

Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta soke ni. Dangin Kabiru, mai neman aurenki, sun riga sun kawo gaisuwa, a hannun Yakubu suka ajiye ta, shi ya amsa musu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ba ni da wani namiji a duniya da ya fi shi kusa. Na san abin da ake cewa a kan yarinyar da baffanta ya janye daga aurenta, na san kuma ba a kansa za a faɗa ba, a kanki za a faɗa. Na fito daga gidansa, na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Ina jin tsoro, Ummi, kuma ina jin haushinsa, kuma ina tausayinsa, don duk abin da ya mallaka ya zuba a gonar nan.

A hanyar dawowa na haɗu da Arɗo Buba a bakin kasuwa. Muka gaisa, ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Malam Musa, yara ina riƙe da su, amma shanu ba su san haƙuri ba. Yarinyan ka yaushe zai kawo magana?" Na ce sai an kai ruwan an auna, zai ɗauki lokaci. Ya ce, "Mun yarda da shi don ya ja guga da hannunsa a wurinmu. Haka ya yi a wurin Alhaji, ko?" Na ce masa rana ta yi, sai mun yi magana. Ya sake ni, amma ya bi ni da kallo har na shiga mota. Mutumin nan ba yaro ba ne.

Akwai abin da ya shafe ni ni kaina, gara ki ji daga gare ni. Ni na sa bututun bohol ɗin nan, ni na zuba siminti a samansa don kada ruwan sama-sama ya gangara ya haɗu da na ƙasa. Na yi aikin da kyau iyakar sanina, a raina kuma na yarda ruwan Yakubu daban yake da na ruga. Amma siminti yana tsagewa, ƙasa tana da hanyoyin da mai haƙa ba ya gani. In awo na gaskiya ya nuna ruwan na haɗuwa, sunana ne zai fara shiga bakin mutane kafin na Yakubu. Kada wannan ya sa hannunki ya yi rawa. In haka ta fito, ni zan ɗauko kayan aiki in je in gyara, ko in ciro famfon, a gaban kowa.

Kuma in sakamako ya fito, kada ki bugo mini waya ki fara gaya mini. Na taɓa sanar da wani mai gida sakamakon haƙa shi kaɗai, kafin abokin gardamarsa ya ji, labarin ya riga ya canza kama a hanya, aka ce mun haɗa baki. Ki aika wa mai unguwa, ya tara Yakubu da Arɗo ya karanta musu a zama ɗaya, ni ma in ji a can tare da kowa. Na san kaina. In na riga sani, kuma abin bai yi wa ƙanena daɗi ba, ƙafata za ta kai ni gidansa kafin hankalina ya hana ta.

Sauran nasiha kin sha jin ta. Ki riƙe salla a kan lokaci ko da agogonsu ya saɓa da namu. Ki ci abinci, kada ki zauna da shayi da biskit kina cewa aiki ya yi yawa. A can ma za ki samu manya, malamai masu furfura da za su ce miki zauna, bari a yi miki. Ki girmama su, ki gaishe su yadda aka koya miki, amma abin da za ki sa wa hannu ki tabbata idonki ya gani.

Na riga na gaya wa mai unguwa cewa akwai kwalbar da ke buƙatar sakewa, ban faɗi laifin kowa ba. Ya ce zai ba da wakili ranar Asabar, zai kuma aika wa Arɗo. Man famfo ni zan kai. Mai yiwuwa Yakubu ya buɗe mana ƙofa yana zagi, mai yiwuwa ya sa kwaɗo ya tafi gari. In ya rufe, to kwalbar tanki ba za ta hau jirgi ba, ki zubar da ita a gindin bishiya, ki gaya wa malamanki da mai unguwa cewa ba ki da ruwan gonar, a san abin yi tun wuri.

Ba zan tilasta miki ba. Aurenki ne, sunanki ne, kuma ke za ki tsaya a gabansa ki ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai na ɗiba da kaina," kalmar da ni ban iya faɗa ba ina da shekarunki. In kin ga ba za ki iya ba, ba zan zage ki ba, sai dai ki bar kwalbar a gida duk da haka. Ranar Asabar da hantsi zan fito da mota ƙofar gida in zauna a ciki. Ba zan aiko a kira ki ba, ba zan danna hon ba. In kin fito da sababbin kwalabe, mu tafi, kuma ni zan fara sauka in shiga gabanki.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sanyaya zuciyar Babanki Ƙarami, Ya kiyaye jinin mutanen ruga da na gona. Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki da dawowarki, Ya sa ki same mu lafiya, gidan nan a haɗe. Allah Ya yi miki albarka.

Naki,
Babanki, Musa